Kawu Isaka da Rubutun da Ya Cika Waya

Ina shagona a Alabar, ina manna wa wata baiwar Allah gilashi a fuskar wayarta, sai kiran Hajiya Ramatu ya shigo. Matar kawuna ce, kuma ba ta kira sai da dalili. Ta ce, "Fuseni, rufe shago ka zo. Kawunka ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gilashin nan a karkace na manna shi, matar kuwa ta kalli fuskata ta karɓi abinta ta tafi.

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a masallacinmu na Moshi Zango ya san Malam Isaka. Shi ne mai sanarwa. Da an sallame sai ya miƙe, ya gyara hula, ya buga lasifika da yatsa, ya faɗi wanda aka haifa, wanda za a aurar, da wanda ya riga mu. Ba a biyan sa, amma da za a ce ya zaɓa tsakanin lasifikar nan da shagonsa na goro, na san wanda zai bari.

Da, a takarda ake kawo masa sanarwa. Da zamani ya juya, kowa sai ya tura masa a waya, a daidai lokacin da idonsa ya fara gajiya. Yakan miƙe hannu da wayar har iyakar tsawonsa, ya kanne ido ɗaya. Wata Juma'a ya gayyaci jama'a suna ranar Lahadi, alhali Asabar aka rubuta. Mutane suka yi wanka suka je, suka tarar ana wanke tukwane. Dattawan masallaci suka kira shi cikin mutunci, suka ce ko ya sa tabarau, ko ya miƙa wa wani yaro lasifika.

Tabarau kam ya ce ba da shi ba. "Idona lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Masu ƙera wayar ne suke rowar tawada."

Ranar ya zo shagona, ya zauna a benci, ya daɗe yana zancen tsadar goro kafin ya ajiye wayar a gabana. Ban taɓa ganin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na shiga wurin da ake ƙara girman rubutu, na ja shi gaba kaɗan. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya ce, "Kai ma rowar za ka yi? Ƙara!" Na kai shi ƙarshe, har kalma biyu ko uku ke cika fuskar wayar. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Ka gani? Dama suna da tawadar, ɓoyewa suka yi."

Haka ya riƙe lasifikarsa. Sai dai karatun ya koma a hankali, don sai ya lashi yatsa kafin ya tura rubutun sama, kamar mai buɗe shafi. Na sha goge masa wayar, na sha faɗa masa ba a lasa. Bai bari ba. Jama'a kuwa suka ce Malam Isaka ya ƙara natsuwa, har baƙi na tambaya a ina ya yi karatu.

Matsalar tana cikin torotoro, wato motar haya. Daga kujerar baya ana karanta saƙonsa sarai. Wata rana muna tafiya Ayigya tare, wata tsohuwa ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Malam, Hajiya ta ce kada ka manta da kifi, kuma ban da irin na jiya." Yaron mota ya ce, "Baba, in tsaya maka a kasuwa?" Mota ta kwashe da dariya. Ni na sunkuyar da kai don kunya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Aikina sanarwa ne, wayata ma ta koya." Ya sauka ya sayo kifin.

Juma'ar da ta wuce, aka sallame, masallaci ya yi tsit. Ba wanda ya miƙe. Liman ya waiwayo ya miƙo mini wayar Kawu, don a cikinta aka tura sanarwar sadakar bakwai ɗinsa. Na tashi na karɓa. Sunansa kaɗai ya cika fuskar wayar. Da ƙananan haruffa ne da ban iya karantawa ba, don idona ya cika da ruwa, amma wannan rubutun ko ta cikin hawaye ana ganin sa. Ban ankara ba sai na ga na lashi yatsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Isaka, Ya yafe masa kurakuransa, har da na Lahadin nan. Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka masa shi. Allah Ya ba Hajiya Ramatu da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Amin.