Ƙwan Fitilar da Na Canja

Mu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina bisa tsani aka zo mini da labarin rasuwar Dokta. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina kula da wutar lantarkin sashen kwamfuta na jami'a, na ga ya wajaba in rubuta wannan da hannuna, domin kaɗan ne suka san aikinta kamar yadda na sani.

Dokta, ɗakinki fitila shida ne a rufi, sai kyamara da tebur. Kikan ajiye tulu a kai, kwamfuta ta dubi haske da inuwa a hoto, ta fitar da siffar tulun, tudu da kwari. Amma sai an sanar da ita mazaunin kowace fitila da ƙarfinta. Wannan awon ya ci miki wata huɗu.

Ni kuwa na ga ƙwai ɗaya ya dushe. Saboda gwaninta na sa sabo, na goge sauran, ban gaya wa kowa ba. Washegari tulu ya fito a allo a lotse, kamar an taka shi. Shugaban sashe ya rantse sai ya sallame ni. Ga 'ya'ya biyar a gida.

Kika dubi allon kika yi dariya, kika ce ba ki taɓa ganin tulu mai ciwon haƙori ba. Sannan kika juya ga shugaban, kika ce:

"Ranka ya daɗe, a gidan wa fitilu suke daidai? In lissafina bai jure sabon ƙwai ba, shi za a gyara, ba Baba ba."

Sharaɗi ɗaya kika gindaya mini: duk ƙwan da na taɓa, in rubuta a littafi. Na sunkuyar da kai na ce ban iya ba. Kullum bayan azahar kikan zaunar da ni da alƙalami, har hannuna ya faɗa.

Jiya ɗalibanki suka nemi littafin nan nawa, domin da shi za su ƙarasa aikinki. Shugaban da kansa ya karɓa da hannu biyu, ya ce in ci gaba. Fitila ta uku ta fara dushewa, Dokta. Ban taɓa ta ba. Na dai rubuta.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki da hasken da ba ya dushewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, amin.