Hodi Mai Shinshinar Bango

Da hantsi, har zuwa bara, duk mai bin hanyar Gwadangaji yakan ga wani dattijo yana jan tsohon keke, da bokiti da guntun magirbi ɗaure a baya. Rigarsa baƙa ƙirin, tarinsa kuwa ya riga shi isa ko'ina. Baba Hodi ke nan, magini. Sai dai shi ba ya gina sabon gida. Inda wuta ta ci ake kiransa, bayan 'yan jaje sun watse an bar masu gida da toka.

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, gidajen masu suyar kifi ya fi shiga. Mai ya kama a kasko, a ruɗe a watsa masa ruwa, shi ke nan wuta ta haye rufi. Ko an kashe ta, ƙonannen man ya riga ya shige bango ya kwanta. Shi ya sa Hodi ba ya yaɓe a kan baƙi. Kankarewa yake yi har ya tarar da jar ƙasa. In rana ta take, bango ya ɗau zafi, sai ya kafa hanci yana bin sa. Inda ya ji ƙauri, ya ƙara sara. Masu wucewa su yi ta tsokanarsa, ko waiwaye ba ya yi.

Aikinsa na ƙarshe a idona aka yi. Maƙwabciyata Yejide, Bayarabiya mai sayar da soyayyen kifi, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ce, Funke. Ranar da mai ya kama a ɗakin girkinsu, Funke ce ta watsa ruwan. Ba ta tashi ba, a nan garin aka binne ta. Mutanen unguwa suka yi gayya, suka ɗora rufi, suka shafe ɗakin girkin da farar ƙasa, don kada uwar ta ga baƙi. Wallahi da zuciya ɗaya suka yi. Amma da bazara ta shigo, sai man ya tsattsafo rawaya-rawaya, ƙaurin ranar nan ya cika gidan.

Yejide ta dawo ɗakina da kwana, ta ɗaure kayanta za ta koma kudu.

"Malama," ta ce mini, "in na tafi, wa na bar wa kabarinta? In na zauna, warin nan kashe ni zai yi."

Na aika aka kira Hodi. Ya kankare farar ƙasar nan tas. Rana ta take, ya kafa hanci a bango, ya daɗe a tsaye. Ya matsa gaba, ya sake. Sai ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Iya Funke, hancina ya mutu. Ba ni jin komi. Ke za ki shinshina, ki gwada min wurin."

Raina ya ɓaci. "Haba Baba! Matar da ko ƙofar ba ta iya kallo?"

"Malama, in na rufe shi da ka, baɗi war haka ya dawo mata."

Yejide ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga. Tana bin bango tana kuka tana cewa, "Nan. Nan ma." Shi yana sara yana tari, ni ina bakin ƙofa ina kallonsu. Da suka kai gefen murhu, inda Funke ke zama, ta ɗora tafin hannunta a kan baƙin.

"Baba, bar mini nan."

Mutumin da bai taɓa barin baƙi ko kamar ƙwayar gero ba, ya ajiye magirbi. Ya kwaɓa sabuwar ƙasa ya yaɓe ko'ina, ya kewaye wurin hannunta. Da la'asar Yejide ta kwance kayanta.

Baba Hodi, kai ne mai shiga inda masu gida suka kasa shiga. Toka ta cinye maka hanci, yanzu ta sauka a ƙirji. Kana kwance a zauren ƙanenka a Argungu, abin da kake tofarwa baƙi ne. Ba za a ambaci sunanka a rediyon Sakkwato ba, kuma da yawa daga waɗanda ka gyara wa gida ba su san kana jinya ba. Abin yana ci mini rai.

Mun gode, Baba. Allah ya sassauta maka, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa mutane. Ku kuma maginanmu, in an kira ku gidan gobara, kada ku yi gaggawar rufewa. Ku kankare, ku kuma saurari mai ɗakin.

Yejide tana nan, ta koma suya. Jiya na shiga na tarar tana shafe ɗakin girkin da farar ƙasa, ta bi bangon duka, ta tsallake wurin nan daidai tafin hannunta.