Turken Akuya a Kwali

Ƙirr-ƙirr na ji a bayan madafa, na ɗauka ɓera ne. Da na leƙa sai na tarar da ɗiyar maƙwabciyata da guntun gawayi, tana zane a bangon da na shafe da farar ƙasa saboda Salla. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga itacen kuka ne, kuma ya yi kyau.

Daga nan aka fara. Alhamis da Juma'a da hantsi, ranakun da babu Islamiyya, yaran layinmu na Ƙaura suke cika mini zaure don koyon zane. Ni ba abin da na sani sai ɗan zanen da aka koya mana a sakandare. Shunin wanki ne shuɗinmu, zoɓo da jar ƙasa su ba mu ja, mu dama da ƙaro don ya kama kwali. Burushi kuwa asuwaki ne, kowa ya tauna nasa.

Sharaɗi guda iyaye suka kafa, ni ma shi ne ra'ayina: ban da zanen abu mai rai. Ranar da aka karya shi, ranar za a tashi ajin.

Akwai wata yarinya da suka dawo daga Gurbin Bore, ba ta cika magana ba. Wata Alhamis ta matso ta ce akuyarta take so ta zana, wadda suka baro a ƙauye.

"Ɗiyata, kin san sharaɗin," na ce. "Zana mini gidanku."

Ta koma lungu. Ina gyara wa wasu layi, zuciyata na wurinta. In ta zana, na rasa ajin. In na hana ta, ina tsoron ba za ta sake zuwa ba. Na yi ta salati a raina.

Da aka tashi ta miƙo mini kwalinta. Turke ne da igiya kwance a ƙasa, ga kwanon dusa, ga sawun kofato ƙanana sun nufi ƙofa. Har ɗan ramin da dabba kan yi wurin kwanciya ta sa.

Wani yaro ya leƙo ya ce, "Ke, ina akuyar? Ko kura ta cinye?"

Ba ta kula shi ba. Ni ta duba.

"Inna, kiwo ta tahi. Da marece za ta komo."