Alƙalan Sale Tela Su Goma Sha Biyu

Ina tsaye a ƙofar kotun da nake aikin tafinta a nan Jidda, sai ga mota ta sauke mutum goma sha biyu daga unguwar Bani Malik, kowa ya sha farar jallabiya. Ashe maƙwabtan Sale tela ne, wanda ake tuhuma da fasa wa wani kai a unguwar Bab Makka.

Na tambayi babbansu, Malam Idi, abin da ya kawo su.

Ya ce, "Sale ne ya aiko mu zo mu yanke hukunci. Ai a fim mutum sha biyu ke cewa an aikata ko ba a aikata ba."

Na ce, "Malam, shekarata tara a nan, alƙali kawai na sani. Ko a Kano ka taɓa ganin haka? Tukuna ma, kuna da iƙama?"

Bai kai ga amsawa ba, ɗan sandan ƙofa ya maimaita tambayar da Larabci. Babu mai takardar zama ko ɗaya.

Halas, magana ta ƙare, nan take aka kama su. Sale ya samu sha biyunsa, jirgi ɗaya ya mayar da su gida.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan shari'a ba a talabijin ba, ya zo ya ba mu labari.