Ƙwan Karfasa a Bayan Zana

Shekarar da na gama digiri a kan halittun ruwa, aka tura ni wata ƙaramar tashar bincike a bakin tafkin Kainji, kusa da Wara. Lokacin muna Jihar Sakkwato. Ni kaɗai ce mace a wurin. Ranar farko shugaban tashar ya dubi lallen hannuna, ya yi dariya.

"Malama, wannan hannun da ƙarnin kifi? Ke dai ki riƙa tarbar baƙi, hotonmu ya yi kyau."

Burina ɗaya ne, sunana ya hau rahoton shekara cikin masu bincike.

Tambayar da ta gagari tashar ita ce lokacin da karfasa ke ɗaukar ƙwai a wannan gaɓa. Abokan aikina kan tari kwale-kwale da safe, su auna tsawon kifi, su dawo. Ba a ganin ƙwai sai an farke kifi, masunta kuwa ba sa yarda a farke musu kifin sayarwa. Farkewa aikin mata ne, a bayan zana wurin banda, inda baƙon namiji ba ya shiga.

Ni na shiga. Wata dattijuwa ta kalle ni sama da ƙasa.

"Amarya, ɓatan hanya kika yi?"

"Ƙwan karfasa na zo gani, Inna."

"To ga wuƙa. Nan ba a kallo a tsaye."

Daga rani har bayan kaka ina zama cikinsu. Hayaƙi ya kama gyalena, lallen ya koɗe, na sake ƙunsawa. Ƙwan rawaya ne, kamar gero a tafin hannu. Kowane mako nakan zuba kaɗan a kwalba, in rubuta rana.

Da malaman jami'a suka zo duba aikinmu, faranti aka ba ni in raba lemo. Wani farfesa mai furfura ya yi tambayar nan ta ƙwan karfasa. Shugaba ya ce ana kan bincike. Na ajiye farantin, na ɗauko kwalabena na jera a tebur, wata bayan wata.

Farfesan ya daɗe yana ɗaga su wajen taga.

"Wa ya tara waɗannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Da matan banda."

"Jawo kujera, Malama. Wani ya raba lemon."

Rahoton ya fito da sunana a layin farko. Na kai wa Inna mai banda ta gani. Ta goge hannu a zane kafin ta taɓa shi.