Littafin Na'urata a Hannun Injiniya Sale

Jama'a, yau na ga injiniyan baka!

Wata uku ina neman littafin tsohuwar na'urarmu ta haɗa kyamarori da sauti, ga tafsiri ya matso. Aka ce wani Injiniya Sale a Zango yana da shi. Na hau babur tun daga Daura.

Ya ce, "Alhaji, littafi ai na 'yan koyo ne. Komai yana kaina."

Na ce, "To ina yake?"

Ya miƙo mini bango kawai. Wai shafukan yake yaga yana ƙunshe wa mutane kusoshin rediyo.

Na daure na ce, "Nuna mini inda kyamara ta biyu ke shiga."

Bawan Allahn nan ya nuna ramin wayar wuta.