Gwangwanin Taba Guda, Daga Gumel Zuwa Alƙahira

Asabar: Gumel zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ja ƙofar gidana a Gumel na danna kwaɗo, abin da ban saba ba, don matata Hajara ce take rufewa ta ciki idan zan yi tafiya. Ranar kwananta ashirin da uku a gidan mahaifinta. Atamfa ce ta kai ta yaji. Ni ɗan sari ne, abaya da hijabi nake ɗaukowa daga Masar, kuma a rayuwata ban iya sayen abu ɗaya ba matuƙar ana sayar da dozin. Da sallar bara na ci karo da wata atamfa mai kyau a kasuwar Kwari, na ɗauki turmi goma sha biyu iri ɗaya. Ta ɗinka, yara suka ɗinka, aka yi labule, aka yi rigar kujeru. Ranar da ƙawarta ta shigo falo ta yi sallama sau biyu ba ta gan ta ba, alhali tana zaune a kan kujera, ranar ta haɗa kayanta.

Sau biyu na je biko. A na biyun mahaifinta, Baba Isiyaku, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya kusa tamanin, ya cire lofensa daga baki ya ce, "Tunda Masar za ka, ka zo mini da gwangwanin tabata mai koren murfi, ta yanke a Kano. Guda ɗaya, Sale. Idan ka kawo sai mu yi maganar matarka." Na ce to, Baba, ina murna a raina an yi mini sauƙi.

Motar haya ta tashi biyar saura. Shingen 'yan sanda uku muka wuce, babu wanda ya riƙe mu. Bakwai da rabi muna Kano. Jirgi ya tashi bayan azahar, muka yi awa biyar a sama.

Arba wa Nus

Mai masaukina Babikir ne, tela, Bahaushen Sudan da kakanninsa suka taso daga Haɗeja za su Makka da ƙafa suka zauna a hanya. Ya tare ni a filin jirgi, muka yi kamar minti ashirin da biyar a tasi zuwa unguwarsu, Arba wa Nus, can gabashin gari. Hawa na biyar yake, ba na'urar hawa. Muka ci ful, wato dafaffen wake da mai, da gurasarsu. Na ba shi labarin saƙon Baba.

"Ya zol, wannan ai ba aiki ba ne," in ji shi. Haka suke kiran mutum a Sudan. "Gobe mu saya, khalas, shi ke nan, matarka ta koma ɗakinta."

Lahadi: Ataba

Muka fita takwas. Ƙaramar bas zuwa Abbasiya, minti arba'in a cunkoso, daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Ataba, kasuwar da nake sari. Kafin la'asar na gama da abaya, an ɗaure dila biyu. Sai muka taka minti goma sha biyar zuwa wani tsohon kantin taba a tsakiyar gari.

Ga gwangwani nan a bayan gilashi, koren murfi, kamar yadda Baba ya faɗa. Mai kanti ya ɗauko ya ɗora mini a tafi. Bai cika tafina ba. Giram hamsin ne a ciki, kuɗinsa kuwa ya kai na abaya guda mai dutse. Na juya shi, na sake juya shi. Har na sa hannu aljihu, Allah shi ne shaida. Sai bakina ya tambaya da kansa, "Babu na sari?"

Mai kanti ya ce shi ba ya sari, amma a wani lungu bayan Ataba akwai masu sayar da tabar lofe a buɗe, ana aunawa a sikeli.

Babikir ya riƙe hannun rigata. "Sale, guda ɗaya aka ce."

"Gani kawai za mu yi."

Lungun da ƙyar mutum biyu suke giftawa. Buhuna ne jere, bakinsu a naɗe, taba ja da baƙa da ruwan ƙasa. Na ɗebo ina murzawa kamar na san kanta, ni da ban taɓa sa taba a baki ba. Kilo guda kuɗin gwangwani biyu da rabi ne, idan kuma ka ɗauki biyar akwai ragi. Wanda bai taɓa sari ba ba zai gane abin da na ji ba. Na ɗauki biyar.

A jirgin dawowa mutane suka buɗe mana fili saboda ƙamshin ledar. Muka sauka a Abbasiya. Can Babikir ya ce, "To gwangwanin fa?"

Na ce wannan ƙaramar magana ce. Taba ake sha, ba a shan gwangwani. Za mu nemi fanko mu ɗura.

Litinin: neman fanko

Ashe fankon gwangwani mai koren murfi ya fi cikakken wuya a Alƙahira. Na koma wurin mai kanti, ya dube ni sama da ƙasa ya ce hanya ɗaya ce ta samun fanko, in sayi cikakke in zubar da tabar. Na bi masu sayen tarkace da suke yawo da keken jaki suna kira a tituna, na tsayar da bakwai. Wani ya miƙo mini gwangwanin man takalmi ya rantse babu mai ganewa. Da rana na ci koshari a tsaye, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, na koma gida ƙafa a kumbure.

Tabar kuma na bar ta a ledarta a kan rufin bene, don matar Babikir ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba, kuma tana da gaskiya. Da na hau dubawa da yamma, rana ta gama aikinta. Abin da jiya yake da laushi yau idan ka taɓa sai ya ruguje kamar busasshiyar kuka. Na zauna a kan bulo, na tuna Hajara, na ji kamar in yi kuka.

Talata: Hadayek el-Ma'adi

Babikir ya ce akwai wani mai kawo masa ɗinki, Mista Bulus, mutumin Zonkwa, tsohon direba da ya yi ritaya ya zauna a nan, shi kaɗai ne ɗan Najeriya da ya sani yana shan lofe. Muka tashi tara zuwa unguwarsa, Hadayek el-Ma'adi. Bas, jirgin ƙasa, canji ɗaya, awa ɗaya da minti hamsin.

Mista Bulus ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariyar da ta koma tari. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce ita ta gwangwani an zuƙe iskarta an liƙe, ko shekara goma ta yi tana nan da danshinta, tsadarta ke nan. Ta awo kuwa ta masu sha kullum ce, su ma kaɗan kaɗan suke saya, su zuba a kwalba mai murfin roba.

"Kilo biyar, Alhaji? Barikin soja za ka kai wa?"

"Surukina ne, yallaɓai."

"Ai da ka sayi gwangwanin. Yanzu ma kantin a buɗe yake."

Na ce idan na saya yanzu, kilo biyar ɗin nan sun zama asara ke nan. Ya kalli Babikir, Babikir ya kalli fanka.

Duk da haka mutumin kirki ne. Ya ce in yanka tuffa in jefa cikin tabar ta kwana biyu, danshi zai dawo. Fanko kuma yana da mai koren murfi guda ɗaya tak, amma matarsa daddawa take ajiyewa a ciki. Aka juye daddawar a kofi, aka ba ni. Na yi godiya har ƙasa.

A hanyar dawowa muka tsaya Ataba. Kwalba goma sha biyu na saya, don dozin ya fi araha, da kwalin tuffa guda. Babikir ya ɗauki kwalin a kafaɗa yana cewa da dai ya bar ni a filin jirgi.

Laraba da Alhamis

Kwana biyun nan ban ga dalar Fir'auna ba, ban ga kogin Nilu ba sai ta tagar bas. Ina kan rufin bene ina jinyar taba. Na wanke gwangwani da omo sau biyar, na goga lemon tsami, na shanya. Tabar ta yi laushi, sai dai kwalba biyu sun yi furfura, na zubar ina jin zafi. Na zaɓi mai kyau na ɗura, na danna murfi, na zagaye da salatef fari siriri. Daga nesa sai ka rantse daga kanti ya fito.

Juma'a: komawa

A filin jirgi kayana suka haura nauyi saboda kwalabe, na biya. A Kano wani jami'i ya buɗe kwalba ɗaya ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina, suka tambaye ni ko fatauci nake da ita. Na ce biko ne. Suka kalli juna, suka karɓi harajin da ya hau kanta, suka sallame ni. Na kwana Kano, da safe na ɗauki shatar mota zuwa Gumel, ban biya gidana ba.

Asabar: zauren Baba

Sha ɗaya na safe na tuɓe takalmi na durƙusa. Na miƙa gwangwani da hannu biyu. Baba ya ɓare salatef, ya ciro kwabo daga aljihu ya sa a gefen murfi, ya karkata kunne. Sabon gwangwani wai huci yake yi idan an buɗe. Wannan murfin faɗowa ya yi kan tabarma. Baba ya kai hanci, ya daɗe.

"Tuffa," ya ce. Ya sake shinshinawa. "Da ɗan miya-miya."

Ban ɗaga kai ba. Ya ɗura lofe, ya kunna, ya ja sau uku. Ya ce ba laifi, tana shawuwa. Sannan ya ɗaga murya ya kira Hajara.

Ta tsaya bayan labulen ƙofar cikin gida, ƙafafunta kawai nake gani, da lalle sabo. Wata guda ban ji muryarta ba. Ta gaishe ni a hankali, ta yi mini sannu da hanya, sai ta ce, "Alhaji, ina sauran?"

Da na ce babu saura, da yau wani labarin nake ba ku. Amma shekara goma sha huɗu ina ba matar nan labarin kowane ciniki da na ci, bakina ya saba. Na ce, "Suna mota, kwalba goma. Hajara, kin kuwa san ragin da aka yi mini?"

Ƙafafun suka juya. Ban ji ko tsaki ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi.

Baba ya busa hayaƙi ya ce tunda an kawo, a shigo da su. Ni da direba muka jera kwalabe a jikin bango. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Madalla, ka yi ƙoƙari. Ka je gida ka huta, idan ta ƙare ka dawo mu yi maganar."

Sai a mota na yi lissafi. Gwangwani guda wata biyu yake yi wa Baba. Abin da na jera masa a zaure zai kai shi shekara goma sha uku, idan bai ba kowa ba.

Na iso gida sha biyu da kwata, na buɗe kwaɗo da kaina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Babikir da matarsa da suka jure ni da warin kayana, da Mista Bulus, da matarsa da ta rasa mazubin daddawa a banza. Gidan ya yi mini faɗi, kuma ina kewar Hajara fiye da yadda zan iya rubutawa.

Shekaranjiya na kira Babikir na ce ya je kantin nan ya sayo mini na gaske, guda ɗaya, ya ba duk mai tahowa Kano. Jiya ya kira ni daga cikin kantin. Ya ce mai kanti ya gane shi, ya ce saboda wahalar da muka sha, idan katan za mu ɗauka zai yi mana ragi mai kyau. Na ce masa ya tsaya a wurin, zan kira shi.